Kuɗin wiwi a Amurka: kafin ka ba da aron asusunka ko na'urar shagonka

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ƙanin wani abokina ya ja ni gefe a ƙofar shagonsa da ke unguwar Bronx a birnin Niyok. Kayan abincin gida yake sayarwa: manja, daddawa, busasshiyar kuɓewa, kifin banda, garin tuwo. Ya ce, "Yaya, shawara nake nema." Wai wani mutum ne ya zo masa da tayi. Mutumin yana tare da masu kai wa mutane tabar wiwi har gida, masu sayen kuma suna son biya da kati. Abin da ake so da shi bai da yawa: a riƙa goga katunan a na'urar shagonsa, kuɗi su faɗa asusunsa, ya cire biyar cikin ɗari la'adarsa, ya miƙa sauran.

"Ya ce min babu wata matsala, Yaya. Trump ya sa hannu, tabar ta halatta. Har saƙon murya aka turo mana a WhatsApp."

Ni ma na saurari saƙon, kuma na san ya zaga wayoyi da yawa. Sana'ata riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa lissafi da cike musu takardun haraji, don haka nan da nan na gane ramin da ake haƙa wa yaron nan. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Mu fara da abin da Trump ya sa wa hannu. A ranar 18 ga Disambar 2025 ya umarci Ma'aikatar Shari'a ta gaggauta kammala aikin sauko da tabar wiwi daga rukuni na ɗaya zuwa rukuni na uku a jerin ƙwayoyin da gwamnatin tarayya ke sa wa ido. Dokar 1970 ce ta ajiye ta a rukuni na ɗaya, layi ɗaya da hiroyin, kuma tun Mayun 2024, zamanin Biden, aka fito da shawarar sauko da ita. To amma me ke cikin rukuni na uku? Akwai ketamin, akwai ƙwayoyin rage ciwo da aka gauraya da kodin. Duk wanda ya san abin da kodin ya yi wa matasan Kano kafin a hana ruwan tarinsa a 2018, ya san cewa kiran abu magani ba ya ba kowa damar kafa tebur ya sayar. Abin da ke rukuni na uku sai da takardar likita, sai a hannun mai rajista da hukumar tarayya. Shagon da ke sayar wa duk wanda ya kai shekara 21 tabar nishaɗi, ko a rukuni na ɗaya take ko a na uku, yana wajen dokar tarayya.

Nan ne mutanenmu suka fi rikicewa, domin suna ganin shagunan da idonsu, da fitilu da allon suna da mai gadi a ƙofa yana duba katin shaida. Gaskiya ne wasu jihohi sun halatta. Kalifoniya ta fara da ta magani a 1996, Kolorado da Washinton suka buɗe ta nishaɗi a 2012, Niyok ta bi a 2021, inda babba zai iya riƙe har oza uku. Amma lasisin jiha iyakarsa jiha. Bankuna kuwa, da kamfanonin kati, da hanyar da kuɗi ke bi daga wannan asusu zuwa wancan, duk gwamnatin tarayya ce ke riƙe da linzaminsu. A idonta, dalar da ta fito daga aljihun mai sayen tabar nishaɗi kuɗin haramtacciyar ƙwaya ce, ko da gwamnan jiha ne da kansa ya yanke kyallen buɗe shagon.

Shi ya sa Visa da Mastercard ba sa yarda a sayi tabar da katinsu. Mai shago mai lasisi, wanda bai ɓoye komai ba, hanyoyin da suka rage masa kaɗan ne. Ta farko tsabar kuɗi, ita ce har yau uwa. Ta biyu taransifa kai tsaye daga asusun mai saye zuwa na shago ta manhajoji irin su CanPay da Aeropay, waɗanda ke aiki da bankunan da suka san sarai kuɗin mene ne suke karɓa. PayPal da Venmo sun hana, in suka gano sai su rufe asusu.

Masu cewa babu bankin da ke taɓa wannan kuɗi ma ba su yi daidai ba. A Fabrairun 2014 hukumar FinCEN, mai bin sawun laifukan kuɗi a Ma'aikatar Baitulmali, ta fitar da ƙa'ida: banki zai iya buɗe wa shagon wiwi asusu, da sharaɗin ya tantance lasisinsa, ya san adadin cinikin da ya dace da shi, kuma ya riƙa aika rahoto a kansa a kai a kai, ko da bai ga wani laifi ba. Aiki ne mai cin ma'aikata da lokaci, don haka manyan bankuna suka kauce, ƙananan bankunan jiha da na haɗin gwiwa suka karɓa, suna cajin kuɗi mai tsada. Ƙa'idar kuma jagora ce kawai, ba ta goge laifin daga littafin doka ba.

Akwai wata dabara da ta yi tashe, wadda duk wanda ya saba da masu POS na gida zai gane nan take. Ka yi sayayyar dala 43, a miƙo maka na'ura, ka sa kati da lambarka ta sirri, a cire dala 50, a ba ka canjin dala bakwai a hannu. Bankinka zai ga kamar ka je injin cirar kuɗi ne, alhali taba ka saya. Visa ta yi gargaɗi a kan wannan a Disambar 2021, shekara guda bayan haka na'urori da dama suka daina aiki, sannan a Yulin 2023 Mastercard ta umarci bankuna da kamfanonin da ke sarrafa biyan kuɗi su daina barin ana sayen tabar da katinta na cirar kuɗi. Abin da ya jawo duk wannan abu ɗaya ne: an gaya wa banki wani abu, an yi wani abu daban.

To wannan ƙaryar ita ce aka zo a saya a wurin ƙanin abokina da biyar cikin ɗari.

Lokacin da ya nemi na'urar kati, ya sa hannu cewa kayan abinci yake sayarwa, aka ba shagonsa lambar da ke nuna haka. Duk katin da aka goga, saƙon da ke isa bankin mai katin shi ne an sayi kayan miya. In wiwi aka saya, kowace goga ƙarya ce ga banki, kuma sunan wannan a dokar tarayya zambar banki. Hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara 30 da tarar dala miliyan ɗaya. Ba sai banki ya yi asarar ko sisi ba kafin laifin ya tabbata.

Kuma an yi, ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A Maris ɗin 2021 wata kotun tarayya a Manhattan ta sami Hamid Akhavan da Ruben Weigand da laifin haɗa baki wajen yaudarar bankuna. Sun taimaka wa kamfanin Eaze, mai kai tabar gida-gida a Kalifoniya, ya shigar da cinikin kati na sama da dala miliyan 150 tsakanin 2016 da 2019. Sun ƙirƙiro kamfanoni da shafukan intanet na bogi masu nuna ana sayar da kayan karnuka, man shafawa, koren shayi da kayan nutso a ruwa. Akhavan ya sami wata 30, Weigand wata 15. A lura da kyau: tabar halal ce a dokar jihar da aka sayar da ita, kuma ba a kan sayar da ita aka ɗaure su ba. A kan ɓoye wa banki gaskiya ne. Waɗannan masu manyan lauyoyi ke nan. Mai shagon daddawa a Bronx fa?

Tun kafin a je kotu ma, kamfanin na'urar zai lura cewa shagon da ke cinikin dala ashirin da talatin ya koma karɓar ɗari da ɗari biyu da tsakar dare. Zai rufe na'urar, ya riƙe kuɗin da ke hanya, ya sa sunan mai shagon a jerin da Mastercard ke ajiyewa na 'yan kasuwar da aka kora, inda suna ke zama shekara biyar. Cikin shekarun nan da wuya wani kamfani ya sake ba shi na'ura. Wanda ya kawo tayin kuwa babu sunansa a ko'ina. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma a takarda mai asusu ne ya ja. A kan wannan sai a ɗora tuhumar halatta kuɗin haram, mai ɗaurin da ke kaiwa shekara 20, wadda ta haɗa har da tura irin kuɗin zuwa waje. Mai tunanin zai aika su gida a sayi fili ya san da haka.

Sai maganar dala dubu goma, wadda na fi jin an karkatar da ita fiye da kowace. Kullum sai wani ya ce min, "Malam, ai an hana zuba dubu goma a banki, sai dai ka raba." Wannan shawarar ta jefa mutanen kirki cikin wahala. Babu dokar da ta hana zuba dubu goma, ko dubu ɗari. Abin da doka ta ce shi ne, in tsabar kuɗi ta wuce dala dubu goma a yini ɗaya, banki ya cike takarda ya aika wa gwamnati. Haka ɗan kasuwar da ya karɓi tsabar da ta wuce haka daga mutum ɗaya, zai cike fom mai lamba 8300 cikin kwana 15. Takarda ce kawai, ta 'yan mintoci, ba tuhuma ba ce, ba a kuma cire maka ko kwabo.

Laifin yana cikin rabawar. Ka zuba dubu tara yau, dubu takwas gobe, ka aiki matarka wani reshe da dubu bakwai, duk don kada a cike takardar: wannan da kansa laifi ne mai ɗaurin shekara biyar, yana iya kaiwa goma in ya haɗu da wani laifin, kuma ana iya ƙwace kuɗin. Ko da kuɗin na guminka ne, na tuƙin tasi ko na adashi, rabawa da wannan niyya ta isa. Banki yana ganin salon, yana aika rahoto, doka kuma ta hana shi ya gaya maka ya aika. Masu kuɗin wiwi marasa asusu sun fi kowa neman wanda zai raba musu, kuma baƙo mai neman na cefane shi suke fara tunkara.

Wanda ba ɗan ƙasa ba, nasa ya fi nauyi. Tun Afrilun 2019 hukumar shige da fice mai ba da takardar zama ɗan ƙasa ta bayyana cewa aiki a harkar wiwi, ko a jihar da ta halatta, yana iya hana mutum cika sharaɗin kyakkyawan hali. Ɗalibi, mai katin zama, mai jiran mafaka, ko aikin karɓar kuɗi a shagon wiwi aka yi maka tayi, ga lauyan shige da fice tukuna.

Ni ba mai goyon bayan tabar nan ba ne. Addinina ya hana, kuma na ga samarin unguwarmu da ta mayar abin tausayi. Amma tsarin nan ba adalci a cikinsa. Gwamnatin da ta ce kuɗin haram ne ita ce ke karɓar haraji a kansu, har fiye da na kowa. A 1981 wani dillalin ƙwaya, Jeffrey Edmondson, ya ci nasara a kotun haraji cewa a cire masa kuɗin haya da na waya daga ribarsa. Majalisa ta fusata, a 1982 ta kafa sashe na 280E a dokar haraji, wanda ya hana mai fataucin kayan rukuni na ɗaya da na biyu cire kuɗin haya, albashi ko talla kafin a lissafa masa haraji. An yi shi don dillalan ɓoye, ya zo ya faɗa kan masu lasisi. Babban abin da sauka zuwa rukuni na uku ke sauƙaƙa wa masu shago shi ne wannan nauyin, ba maganar kati ba. An hana su samun banki cikin sauƙi, an bar su da tulin tsabar kuɗi a akwati, kowane ɗan fashi kuma ya san da haka. A Maris ɗin 2022 an harbe wani ma'aikacin shagon wiwi a Tacoma da ke jihar Washinton yana bakin aikinsa. Ɗan wani ne, albashi ya fito nema.

Maganin wannan yana hannun majalisa, ta kuma san shi. Kudurin da ake kira SAFE, wanda zai kare bankin da ya yi hulɗa da shago mai lasisi, ya wuce Majalisar Wakilai a Satumbar 2019 da ƙuri'a 321 a kan 103, ya sake wucewa sau da dama bayan nan. A Satumbar 2023 kwamitin harkokin banki na Majalisar Dattawa ya amince da sabon salonsa da ƙuri'a 14 a kan 9, amma bai kai ga zama doka ba. Ko da ya zama, mai lasisi zai kare, da bankin da ya san gaskiyar cinikin. Ba zai kare wanda ya goga katin wiwi da sunan manja ba.

Duk wannan na faɗa wa ƙanin abokina a tsaye, muna jingine da buhunan shinkafa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, in ya dawo me zan ce masa?" Na ce ya tambaye shi lambar lasisinsa na jiha, da sunan bankin da ke riƙe masa asusu, da dalilin da ya sa bankin bai ba shi tasa hanyar karɓar kuɗi ba. Mutumin ya dawo ranar Litinin da yamma. Da ya ji tambaya ta farko sai ya ce zai je mota ya ɗauko takardun, kuma har aka rufe shago bai shigo ba.