Bayanin sana'a a tsarin kasuwanci: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk shekara, da zarar Gidauniyar Tony Elumelu ta buɗe neman tallafinta na dala 5,000 a watan Janairu, wayata ba ta ƙara hutawa. Tambayoyin kuma ba sa canzawa: yadda ake rubuta bayanin sana'a a tsarin kasuwanci, wato takardar da ake miƙawa wurin neman tallafi ko rance. Ga su nan na rubuta, wanda ya sake kira zan ce ya je ya karanta.

Mene ne bayanin sana'a?

Me kake sayarwa, wa kake sayar wa, ta ina kuɗi ke shigowa. Shi ke nan.

Shafi nawa zai ci?

Rabin shafi. In ya kai biyu, kai kanka ba ka gama gane sana'ar ba.

In fara da tarihina?

A'a. Ba neman aure ka zo ba. Akwai wurin da ake bayanin mai sana'a, can gaba.

Me ya sa kake soke "kowa da kowa" in an rubuta shi a matsayin masu saye?

Don ba wanda ke sayar wa kowa da kowa, ko mai ruwan leda. Wani ƙanena ya kawo mini takarda mai cewa zai "bunƙasa harkar noma, ya samar wa matasa aikin yi". Na ajiye ta, na ce ya gaya mini da baki me yake yi. Sai ya ce yana sarin tumatir a Kadawa da Kura da rani, lokacin da kwando ya faɗi warwas, ya yanka ya shanya a kan raga don kada ƙasa ta shiga, ya ƙulla kaudar a leda, da damina ya kai wa masu abincin sayarwa a Kano sa'ad da ɗanye ya yi tsada. Na ce to me ya hana ka rubuta wannan? Ya yi shiru. Wai a ganinsa bai yi kama da maganar banki ba.

Ba ni da abokin gogayya, in faɗi haka?

Kada ka soma. Mai kauda yana gogayya da tumatirin gwangwani da na leda, da masu shanya a bakin titi suna sayarwa da arha. Faɗi su waye, ka faɗi abin da ka fi su.

Ina kiwon kaji, ina POS, ina kuma ɗan sarin hatsi. Wanne zan rubuta?

Wannan kam ba ta da amsa ɗaya, kuma ni ma ra'ayina ya sha juyawa a kanta. Galibi ina cewa a zaɓi guda, don taura biyu ba ta taunuwa, kuma mai karanta takardarka so yake ya ga inda kuɗinsa za su sauka. In ya ga uku, abin da zai fara zargi shi ne za ka karɓa da sunan kaji ka zuba a POS. Amma fa sai an duba ko sana'o'in suna ciyar da juna. In masarar da kake sarowa a Dawanau ita kake haɗa abincin kajin da ita, kashin kajin kuma kana sayar wa masu lambu a matsayin taki, to kusan sana'a ɗaya ce mai rassa, kuma faɗin hakan ƙarfi zai ƙara maka. POS ɗin ne ba ya shiga. Sai dai shi ma ban cika so a ɓoye shi gaba ɗaya ba, musamman in rance kake nema, domin za a nemi bayanan asusunka, a ga kuɗi na shiga suna fita ba tare da ka ambaci tushensu ba. A nan layi ɗaya ya isa: kana da wata hanyar samu daban, lissafinta daban. Tallafi kuwa kowanne da sharuɗɗansa, sai ka karanta. To wacce za a ɗauka cikin ukun? Ni na fi karkata ga wadda kake da littafin cinikinta, ko da ba ita ta fi kawo riba ba, amma in wadda ta fi ribar za ka iya tattaro rasit ɗinta na wata shida, ba zan hana ka ba.

Turancina ba shi da ƙarfi.

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Ki rubuta da Hausa yadda za ki yi wa maƙwabciya bayani, sannan a fassara miki. Ki dai sa a karanta miki fassarar, don masu shagon kwamfuta sun iya liƙa wa mutum tsohon bayanin wani.

In na bayyana dabarata ba za a sace ba?

Shanya tumatir tun kakanni ake yi. Sirrin haɗin yajinki kuwa ba wanda ya ce ki rubuta shi.

Sai na yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tukuna?

Rubutu ba ya jiran rajista. Banki ne zai tambaye ta. In kuma abinci ne a ƙulle da suna a jiki, sa kuɗin lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a lissafi tun yanzu.