Sake Fitar da Tsofaffin Fina-finan Ban Tsoro a Kaset da Faifai

Sake fitar da tsofaffin fina-finan ban tsoro al'ada ce ta kasuwar fim wadda ta yi ƙarfi a Amurka da Birtaniya tun daga ƙarshen shekarun 1970, inda ake mayar da fim guda kasuwa sau da dama, kowane bugu da sabon bango, wani lokaci da gyaran hoto ko ƙarin fage. Fina-finan ban tsoro sun fi saura shan wannan maimaici, domin da yawansu ƙananan kamfanoni ne suka shirya su da kuɗi kaɗan, haƙƙin mallakarsu ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, ga kuma masoya da ba sa gajiya da saye.

Tarihi

Kamfanin JVC ya fito da kaset ɗin VHS a Japan a 1976, faifan LaserDisc ya shiga kasuwar Amurka a 1978, DVD ya iso can a 1997, Blu-ray a 2006, sai faifan 4K a 2016. Duk lokacin da aka sauya na'ura, kamfanoni sukan sami dalilin sake sayar da abin da suka riga suka sayar. Kamfanin Criterion ne ya fara saka sharhin murya a kan fim, a faifan King Kong na 1984, kuma tun daga nan irin wannan ƙari ya zama babban abin jan hankalin masu saye.

Tace fina-finai ma ta taka rawa. A farkon shekarun 1980 an yi ta ce-ce-ku-ce a Birtaniya kan kaset-kaset masu zubar da jini, ofishin babban mai gabatar da ƙara ya jera fina-finai 72 da yake ganin sun saɓa doka, majalisa kuma ta kafa dokar bidiyo ta 1984 wadda ta wajabta tace kowane kaset kafin a sayar. Fim ɗin The Evil Dead na cikin jerin, kuma bai fito cikakke a ƙasar ba sai wajen 2001. Da aka sassauta, kalmar "ba a yanke komai ba" ta zama tallar kanta.

Misalin sake bugawa da ya fi kowanne shi ne Night of the Living Dead na George Romero, na 1968. Lokacin da mai rarraba fim ɗin ya canja masa suna, an manta ba a mayar da alamar haƙƙin mallaka ba, kuma bisa dokar Amurka ta wancan zamani fim ɗin ya zama na kowa. Kamfanoni barkatai suka riƙa buga shi, yawanci daga kwafi masu dishi-dishi. An yi masa launi a 1986, sannan a 1999 John Russo, wanda suka rubuta labarin tare da Romero, ya fitar da bugun cika shekara 30 da sababbin fage da sabon kiɗa, abin da masoya suka yi tir da shi ƙwarai. A wajen 2016 gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya gyara shi daga asalin zaren fim, Criterion ya fitar a 2018.

Martanin masu tarawa

Ƙorafin da aka fi ji shi ne na sayen abu guda sau biyu ko uku, musamman idan bugun da aka kira na ƙarshe ya sami magaji bayan 'yan shekaru. Amma gardamar da ta fi zafi ta launi ce. An ɗauki Halloween na John Carpenter, na 1978, a kudancin California da bazara, alhali labarin yana faruwa ne a Illinois da kaka. Bugun kamfanin Anchor Bay na 1999, wanda mai ɗaukar hoto Dean Cundey ya sa wa ido, ya ba ganyaye launin kaka, dare kuma ya yi shuɗi sosai. Bugun 2003 ya fito da haske, ganye ya koma kore, shuɗin ya ragu, masu tarawa suka riƙa jera hotunan bugun biyu kafaɗa da kafaɗa suna nuna bambanci. An sake gayyato Cundey don bugun 2013. Har yanzu ba a daidaita kan wanda ya fi kama da abin da aka gani a silima ba.

Bango ma yana da nasa labari. A 2002 Anchor Bay ya saka The Evil Dead cikin bangon roba mai siffar littafin tsafin da ke cikin fim ɗin, sai dai robar takan tsage ko ta ruɓe idan ta daɗe, wanda ya sa mai kyau ke wuyar samu. Ƙayyadadden bugu kuwa, kamar kwafi 3,000 da kamfanin Twilight Time ya saba fitarwa a da, yakan ƙare nan da nan, 'yan baranda su sake sayarwa da tsada.

Halin da ake ciki

Kallon fim ta intanet ya rage cinikin faifai, har shagunan Best Buy na Amurka suka daina sayar da su a 2024. Kasuwar ta koma hannun ƙananan kamfanoni irin su Arrow Video da Scream Factory da Vinegar Syndrome.