Ma'anar "fas bola" a wasan kurket, da musun tsawo da gudun ƙwallo

Duk wanda ya taɓa zama da 'yan Indiya ko 'yan Pakistan ana kallon kurket a talabijin ya san wannan abin. Ana jefa ƙwallo sai wata lamba ta fito a ƙasan allo, 138, 144, wani lokacin 151, kawai sai ka ji ɗaki ya kaure da ihu alhali ba a ci maki ba kuma babu wanda aka fitar. Ni dai farkon zuwana karatu Indiya abin ya ɗaure min kai, sai da wani abokin ɗakina ya ce min ai gudun ƙwallon ne ake aunawa, kilomita nawa take yi a awa ɗaya lokacin da ta bar hannun mai jifa. Mutumin da ke sa lambar nan ta haura 140 shi ake ce wa fas bola, mai jifan gudu ke nan in za mu faɗa da Hausa.

To amma kalmar jifa ɗin ma sai an yi mata gyara. Abin da bola yake yi daban yake da jifan da muke wa mangwaro ko jifan kare, inda za ka lanƙwasa gwiwar hannu ka miƙe ta da ƙarfi. A kurket in ka yi haka ka karya doka. Hannu a miƙe yake zagayowa ta saman kai kamar fanka, kuma hukumar kurket ta duniya wato ICC ta ƙayyade cewa miƙewar gwiwar hannu kada ta wuce digiri 15 a lokacin sakin ƙwallo. Shi ya sa za ka ga mutum ya ja da baya can nesa, taku ashirin ko fiye, ya sheƙo a guje kamar an biyo shi kafin ya saki. Tunda an hana shi ƙarfin gwiwar hannu dole ya nemo ƙarfin a gudu da sauran jiki.

Masu jifa kashi biyu ne manya. Akwai masu murza ƙwallo da yatsu ko wuyan hannu, su ba ruwansu da gudu, tasu tana tafiya wajen kilomita 80 zuwa 95 ne, wayo ne kawai da juya ƙwallo bayan ta taɓa ƙasa. Sai masu gudu, su ma hawa-hawa ne, mai yin 120 zuwa 130 matsakaici ne, mai 130 zuwa 140 ya ɗan fi, wanda kuma yake zaune a 140 zuwa sama kullum shi ne fas bola na gaske. In ya kai 150 to wannan sai dai a ce Allah ya tsare. Ba wata doka ce ta raba su haka ba fa, yadda masu sharhi suka saba faɗa ne.

Ka ɗan lissafa ka ga. Tsirin filin da ake jifa a kai tsawonsa yadi 22 ne, mita 20.12, amma tsakanin layin da mai jifa yake takawa da layin da mai sanda, wato mai dukan ƙwallon, yake tsayawa bai cika mita 18 ba. Ƙwallon kuma ba ta roba ba ce, tauri gare ta kamar dutse, fata ce aka ɗinke a kan toto mai ƙarfi, nauyinta wajen giram 160. In ta taho a 150 ƙasa da rabin daƙiƙa gare ka ka gane inda za ta sauka, ka yanke shawara gaba za ka yi ko baya, ka ɗaga sanda. Ƙiftawar ido biyu an gama.

Yanzu ga inda musun yake. Kusan kowa in ya fara kallon wasan nan zai ce ai dogaye ne suka fi gudun jifa, ni ma haka na ɗauka, kuma da ɗan dalili, dogon hannu kamar doguwar igiyar majaujawa ne, in suka juya a tare bakin doguwar ya fi na gajeruwar sauri. Sai dai in ka duba waɗanda na'ura ta auna suka fi kowa, maganar ba ta zauna ba. Jifa mafi gudu da aka taɓa rubutawa na Shoaib Akhtar ne ɗan Pakistan, kilomita 161.3, a gasar cin kofin duniya ta 2003 a Cape Town, ya jefa wa Nick Knight na Ingila. Akhtar ƙafa shida ne ko kusa da haka, a cikin masu jifan gudu ba a ma lissafa shi a dogaye. Brett Lee da Shaun Tait na Ostireliya duk sun taɓa 161.1, Lee a 2005 Tait a 2010, su ma dogaye ne daidai misali amma babu wanda ya kai mita biyu a cikinsu. Shi kuwa Mohammad Irfan na Pakistan, ƙafa bakwai da inci ɗaya, mita 2.16, wanda ya fi kowa tsawo a tarihin kurket na ƙasa da ƙasa, yana da gudu ba laifi amma bai taɓa kusantar 160 ba. Mitchell Starc ne dogo sosai da ya shiga sahun nan da 160.4 a Perth a 2015, shi ma bai kai mita biyu ba.

Ashe gudun daga wani wuri yake fitowa. Ka tuna ɗan acaɓa yana tsala gudu sai akuya ta gifta ya danne birkin gaba, me ke faruwa da na baya? Gaba yake yin sama. To haka jikin fas bola yake aiki. Ya taho a guje, ya yi tsalle, ya dasa ƙafar gaba a miƙe ƙam kamar turke, ƙasan jiki ya tsaya cak, duk gudun nan sai ya haura ƙugu, daga ƙugu zuwa ƙirji da kafaɗa, hannu kuma yana can baya an bar shi sai a ƙarshe ya fyaɗo kamar bulala, wuyan hannu ya ƙarasa. Wanda gwiwar ƙafarsa ta gaba take lanƙwashewa a wannan lokacin ya zubar da wani kaso na ƙarfinsa a ƙasa komai tsawonsa. Kuma dogo sosai sau da yawa jikin ya yi masa yawa, kafin ya haɗa duk gaɓoɓin nan su tafi a jere cikin sauri aiki ne. Dubi Jasprit Bumrah na Indiya, ko ƙafa shida bai kai ba, gudun da yake tahowa da shi ma abin dariya ne, kamar mai tafiya yana tuntuɓe, sai taku na ƙarshe ya ɗan ƙara sauri, amma ƙafar gabansa kamar an kafa ƙarfe, gwiwar hannunsa kuma halittarta tana lanƙwasawa baya fiye da ta sauran mutane, yana sakin ƙwallo gaba sosai kusa da mai sanda. Yana wuce 140 hankali kwance.

To me tsawo yake ba mutum in ba gudu ba? Tashin ƙwallo. A nan ne ni abin ya fi burge ni. Ƙwallon ai ƙasa ake buga ta kafin ta iso wurin mai sanda, yawanci mita shida zuwa takwas a gabansa. Wadda ta sauko daga sama sosai a tsaye take dukan ƙasa, a tsaye kuma take tashi. Wuri ɗaya gajere zai buga ta iso maka a gwiwa ko cinya, dogo ya buga wurin nan ɗin dai ta iso maka a haƙarƙari ko ta daki yatsunka a kan mariƙin sanda ta tashi sama a cafe, ka fita. Mai sanda ya saba ido yana gaya masa ƙwallon da ta sauka a nan gaba ake taka mata, sai ya taka gaba ya tarar da ita a ƙirji.

Joel Garner na ƙungiyar Wes Indis, ɗan tsibirin Barbados, mita 2.03, shi ne babban misali. A cikin abokan wasansa ba shi ne ya fi gudu ba, Michael Holding ya fi shi, amma babu wanda masu sanda suka fi shan wahalar samun maki a hannunsa. Kuma yana da yoka, wato ƙwallon da ake aunawa daidai yatsun ƙafar mai sanda ta shige ƙarƙashin sandar. Ka yi tunanin kana jiran abu a ƙirji tun ɗazu sai ga shi a babban yatsa yana saukowa daga kusan saman ƙofa. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 1979 a filin Lord's na Landan ya fitar da 'yan Ingila biyar ya ba da maki 38 kacal, huɗu daga ciki turakun da mai sanda ke karewa a bayansa ya tarwatsa kai tsaye. Curtly Ambrose ɗan Antigua, mita 2.01, a Perth a 1993 ya fitar da 'yan Ostireliya bakwai cikin jifa 32 maki ɗaya tal aka samu a kansa. Filin Perth ɗin dama ƙasarsa tauri gare ta, ƙwallo na tashi kamar an buga a kan siminti, dogo in ya samu irin wannan wuri sai abin da ya ga dama. Glenn McGrath na Ostireliya shi ma dogo ne wajen mita 1.95, gudunsa yawanci 130 da ɗoriya ne kawai, amma wiket 563 ya tara, wato sau 563 ya fitar da mai sanda, a wasannin Tes, irin na kwana biyar ɗin nan, wuri ɗaya yake ta bugawa har sai ka gaji ka yi kuskure.

Amma ni in aka ce in zaɓi ɗaya, Malcolm Marshall zan ɗauka, kuma shi ne yake rushe musun gaba ɗaya. Tsibirinsu ɗaya da Garner, ƙungiya ɗaya, zamani ɗaya, tsawonsa mita 1.80, in sun jera sai ka ce wa da ƙani. Garner wiket 259, a kan kowane mutum da ya fitar ana cin maki 20.97 a kansa. Marshall wiket 376, nasa lissafin 20.94. Tazarar tsawo santimita 23, tazarar sakamako kusan babu. Marshall ƙwallonsa sulɓewa take a ƙasa ta iso da wuri kafin ka shirya, kuma in ya jefa bawunsa, wadda ake bugawa a tsakiyar fili don ta taso wa kai, tasa ba ta wuce saman kai yadda ta dogaye take yi ka sunkuya ta wuce, daidai maƙogwaro da fuska take biyo ka. A Leeds a 1984 babban yatsansa na hagu ya karye, ya fito ya riƙe sanda da hannu ɗaya, sannan ya dawo da filasta a hannu ya fitar da mutum bakwai a maki 53. Ya rasu a 1999 yana da shekara 41, ciwon daji. Kafin shi da nisa akwai Harold Larwood, mai haƙar kwal daga Nottinghamshire, ƙafa biyar da inci takwas, wanda ya firgita Ostireliya a 1932 zuwa 1933 da jifan jiki har abin ya kusa ɓata dangantakar hukumomin kurket na ƙasashen biyu. Dale Steyn na Afirka ta Kudu ma bai kai ƙafa shida ba, wiket 439. Lasith Malinga na Siri Lanka shi ma ƙara gajarta kansa yake, ta gefe yake wurgo hannu kusan daidai kafaɗa, a kofin duniya na 2007 ya fitar da 'yan Afirka ta Kudu huɗu a jifa huɗu a jere.

Bawunsa ɗin nan ba wasa ba ce. A Nuwamban 2014 ta samu Phillip Hughes a wuya ƙasan hular kwano a Sydney, bayan kwana biyu ya rasu. Tun kafin nan dama an ƙayyade guda biyu kawai ake yarda a cikin jifa shida na oba ɗaya a wasan Tes, bayan rasuwarsa kuma aka ƙara wa hular abin kare wuya ta baya.

Shi ma mai jifan yana biyan kuɗin gudunsa da jikinsa. Duk dasa ƙafar nan nauyin da ke sauka a kanta ya ninka nauyin jikinsa sau da yawa, kuma a yini ɗaya zai iya yin haka sau ɗari ko fiye, ƙashin ƙasan gadon baya ne yake fara tsagewa. Pat Cummins ya fara wasan Tes a 2011 yana ɗan shekara 18 a Johannesburg, ya yi abin mamaki, daga nan ciwon baya da na ƙafa suka riƙe shi bai sake buga Tes ba sai 2017.

Ni kaina sau ɗaya na gwada tsayawa gaban ƙwallon fata, a cikin ragar atisaye ta makarantarmu. Aka ɗaura min kariyar ƙafa, aka kifa min hula, na hango wanda zai jefo min, wani siririn yaro da ko kafaɗata bai kai ba, har na ce a raina wannan ai da sauƙi. Na ga ya taho, na ga hannu ya zagayo, ban ga komai ba bayan nan sai zafi a cinya daidai inda kariyar ta ƙare, sandar tana sama ban ma fara sauko da ita ba. Suka yi ta dariya, wai ai ko 120 bai kai ba. Sati guda shatin ɗinkin ƙwallon yana nan a cinyata, zaman tahiya ma da dabara nake yi.

Daga baya ne na ga Shabnim Ismail ta Afirka ta Kudu, 'yar ƙaramar mace da tsawonta bai fi mita 1.65 ba, a gasar mata ta Indiya a watan Maris na 2024 na'ura ta nuna 132.1, mafi gudu da aka auna a kurket na mata. Na tura wa abokin ɗakin nan nawa hoton lambar, ya maido min da tambaya ko cinyar ta warke.