Shin da gaske Finland ta soke koyar da rubutun hannu a firamare?

Fiye da shekara goma ke nan wani labari yana yawo a kafafen sada zumunta, ya lafa ya sake tasowa, wai ƙasar Finland ta soke koyar da rubutun hannu a makarantun firamare, ta karɓe fensir ta miƙa wa yara kwamfuta. Saboda sunan da ƙasar ta yi a fagen ilimi, wasu iyaye har da malamai sun fara kafa hujja da shi, suna cewa ɓata lokaci ne a tsare yaro a kan gyaran haruffa. Wannan ne ya dame ni, domin abin da tsarin ya ƙunsa ba haka yake ba.

A watan Disamba na 2014 hukumar ilimi ta ƙasar ta amince da sabuwar manhajar ilimin matakin farko, wadda ta fara aiki daga aji ɗaya zuwa aji shida a watan Agusta na 2016. Ta hau kan ƙananan hukumomi da duk mai gudanar da makaranta a wannan mataki, kuma a kanta kowa yake gina tasa manhajar.

Inda aka samu ruɗani shi ne, kafin wannan lokaci yaron da ya shiga makaranta yana ɗan shekara bakwai yakan koyi salon rubutu iri biyu. Na farko shi ne wanda kowane harafi yake tsaye shi kaɗai kamar na littafi, yaro ya gama harafi ya ɗaga fensir sannan ya shiga na gaba. Na biyu kuwa shi ne rubutun sarƙe, wanda ake jan wutsiyar harafi ta kama na gabansa har kalma ta ƙare. Sabuwar manhajar ta cire wajabcin na biyun ne kawai, ta bar na farko a matsayin dole, ta kuma ƙara da koyon bugu da madannan kwamfuta. A harshen ƙasar rubutun sarƙe yana da nasa suna, amma da labarin ya tsallaka zuwa jaridun waje a ƙarshen 2014, sai aka mayar da shi rubutun hannu gaba ɗaya, daga nan magana ta sauya kama.

Ya kamata a lura cewa cire wajabci ba hani ba ne. Babu hukuncin da aka tanadar wa malamin da ya ci gaba da koyar da rubutun sarƙe, an dai bar wa makarantu zaɓi. Hukumar ma ta fitar da sababbin samfuran haruffa da lambobi da za a riƙa kwaikwayo a aji, har ta dawo da ɗan layin da ake gittawa a ƙugun lamba 7 don kada a rikita ta da 1. Da an yi niyyar jefar da fensir, da babu wanda zai zauna yana tunanin ƙugun bakwai.

Ƙa'idojin rubutu ma suna nan daram, kuma a harshen Finland ba abin wasa ba ne, tunda harafi guda yana juya ma'ana: tuli wuta ce, tuuli iska, tulli kuma kwastan. Yaron da bai iya jin tsawon wasali ko nauyin baƙi ya rubuta shi daidai ba, madannan kwamfuta ba za su cece shi ba.

Dalilin shigo da bugun kwamfuta a bayyane yake, domin jarrabawar kammala babbar sakandare ta ƙasar ta fara komawa kan kwamfuta a 2016, zuwa 2019 kuma ta koma gaba ɗaya. A ganina adalci ne a koya wa kowane yaro abin da za a jarraba shi da shi, maimakon a bar ɗan gidan da ke da kwamfuta ya yi wa sauran fintinkau. Abin da bai kwanta mini ba shi ne barin rubutun sarƙe ga ganin dama, domin yara biyu masu shekaru ɗaya za su gama firamare, ɗaya ya iya karanta wasiƙar da kakarsa ta rubuta da hannunta, ɗayan kuma sai ya nemi mai karanta masa, alhali bambancinsu kawai shi ne malamin da kowannensu ya dace da shi.