Kafin a sa adda, a duba ƙayar: yadda ake gane ɗan gawo a gona

'Yan uwana manoman ƙasar Damagaram, sharar gona ta matso, kuma a daidai wannan lokaci ne muke asarar gawo. Manyan kowa ya san su: duk wanda ya bi hanyar Matameye zuwa Magariya da rani yana ganinsu kore shar a tsakiyar gonaki, alhali sauran itatuwa sun kaɗe. Damuwata ƙananan ne, waɗanda ba su wuce gwiwa ba, da yaro ko ɗan barema zai sare ya tara a cinna musu wuta, yana zaton ƙaya ce kawai.

Gane shi ba wuya, sai dai sai ka durƙusa. Kama reshe ka duba. Reshen ɗan gawo fari-fari ne kamar an barbaɗa masa toka, kuma ba ya tafiya a miƙe, daga wannan gaɓa zuwa waccan yana ɗan karkacewa. A gindin kowane ganye akwai ƙaya biyu, miƙaƙƙu, gajeru, da wuya su wuce gaɓar yatsa. Jikinsu fari, tsininsu ja-ja. Ganyen ƙanana ne, korensu da ɗan shuɗi-shuɗi.

Dakwara ita ƙaya uku gare ta wuri ɗaya, duk a lanƙwashe, ta tsakiya ta dubi ƙasa, biyu sun dubi sama, shi ya sa take kama riga ta ƙi saki. Bagaruwa ƙaya biyu ce ita ma, amma dogaye, ga ɓawonta mai duhu. Su ma ba na wuta ba ne, dakwara ke ba mu ƙaro, majema kuma da bagaruwa suke jima. Amma a gonar hatsi babu kamar gawo.

Kada ka ce za ka jira damina ka ga ko zai zubar da ganye. Wannan halin babban gawo ne, ƙaramin yana iya riƙe nasa. Shi babba, ruwa na sauka sai ya tuɓe, don haka inuwarsa ba ta danne hatsi, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki daidai lokacin shuka. Da kaka ya sake tohowa, ya yi fure, can cikin rani 'ya'yansa su nuna, jajaye, a murɗe, ba sa fashewa da kansu. Bisashe su taru a inuwarsa su ci, su bar kashi a wurin. Ta cikin akuya da tunkiya irin ke bi ya tsiro, wato yawancin 'yan gawon da ke gonarka bisashe ne suka shuka maka su kyauta. Idan ka ga shekara biyu ko uku yana kwance bai tashi ba, kada ka raina shi, saiwa yake turawa ƙasa neman ruwa.

Kakanninmu sun san darajarsa. Har yau dattawa na ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimu ya sa wa mai sare gawo. Bayan farin 1984 kuma manoman Zinder da Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin itatuwan da suka tsiro da kansu a gona ana gyara su maimakon a sare, har aka raya itatuwa a fili kusan hekta miliyan 5, ba tare da an dasa yawancinsu ba.

Idan ka gane shi, zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi ka bari, ka cire sauran da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Rage ƙananan rassa har rabin tsayinsa, ka ɗaura masa jan tsumma don mai garma ya gani. Tun kafin a fara shara, kai yara da 'yan barema ka nuna musu ɗaya da hannunka. Wanda kuka yi shakka a kansa ku bar shi tsaye sai ma'aikacin gandun daji ya zo ya duba.