Gitignore: tambayoyin da na gaji da amsawa

Ga amsoshin nan a wuri ɗaya. Duk wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Mene ne .gitignore?

Fayil ne na rubutu zalla da kake ajiyewa a babbar foldar aikinka, ka jera abubuwan da ba ka so Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aikinka, ya kula. Kowane layi suna ɗaya. Iyakarsa ke nan.

In tura node_modules zuwa GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan Git a intanet?

Haba malam! Dubban fayiloli ne na manhajojin da aikinka ya dogara da su, waɗanda umarnin `npm install` zai sake sauko maka da su, kana ƙona datarka da ta abokan aikinka a banza. Rubuta `node_modules/` ka huta. Amma kar ka haɗa da `package-lock.json`, shi ana tura shi, don shi ke sa kowa ya sauko da irin sigar da kake aiki da ita. Bidiyo da manyan kaya ma su zauna a kwamfutarka, GitHub ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 100.

Na rubuta sunan fayil, amma `git status` bai daina nuna shi ba. Git ya lalace?

Git da ake aiki da shi tun 2005 ba a hannunka zai fara lalacewa ba. Ka riga ka yi wa fayil ɗin komit ne, wato ka shigar da shi cikin tarihin aikin, shi kuwa .gitignore ba ruwansa da abin da Git ya riga ya sani. Buga `git rm --cached sunan-fayil`, ka yi komit. Naka kwafin yana nan, amma gaya wa abokan aikinka, don da sun jawo canjin nasu zai ɓace. In ba wannan ba ce matsalar, duba sunan da kyau: a Windows sau da yawa ana ajiye shi `.gitignore.txt` ba a sani ba.

Na tura .env mai ɗauke da mabuɗan sirri, sai daga baya na sa shi a .gitignore. Na tsira?

Ihu bayan hari ke nan. Amma kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ba kanka farau ba.

Fayil ɗin yana nan daram cikin tarihin aikin, ko ka goge shi yau duk mai `git log -p` zai karanta shi. Saboda haka bar maganar Git tukuna, je ka soke mabuɗin ka karɓi sabo, ka canja kalmar sirrin rumbun bayanai. In ma'ajin aikin da ke GitHub a buɗe yake ga kowa, ƙaddara an riga an kwashe, don akwai manhajojin da ba su da aiki sai laluben GitHub suna tsintar irin waɗannan mabuɗai.

Batun wanke tarihi kuwa, ya danganta. In komit na ƙarshe ne kuma ba ka tura ba tukuna, `git rm --cached .env` da `git commit --amend` sun wadatar. In ka tura kuma kai kaɗai ke aikin, `git filter-repo` ko BFG Repo-Cleaner za su cire fayil ɗin daga tarihi gaba ɗaya, sannan ka tura da `--force`. In kuna da yawa, a nan rigimar take: lambar kowane komit da ya biyo bayan wanda aka gyara za ta canja, kowa sai ya sake kwafar ma'ajin, kuma mutum ɗaya da ya turo tsohon kwafinsa na iya dawo da abin da ka wanke. Waɗanda suka riga suka kwafa kuwa, ba ka da iko da kwamfutocinsu.

Ni dai a ganina, in an soke mabuɗi tsohon ya zama banza, galibi ba sai an taɓa tarihi ba. Sai dai in abin da ya fita ba mai canzuwa ba ne, kamar sunaye da lambobin wayar abokan ciniki. Wannan dole a wanke, kuma shugaban aikin ya sani yau, ba gobe ba. Nan gaba tura `.env.example` mai sunayen mabuɗan kawai, babu sirrin.

Shi kansa .gitignore ana tura shi?

E.

To .DS_Store da Thumbs.db fa?

Sharar kwamfutarka ce, ta farko daga Mac, ta biyu daga Windows. Sa su a `~/.config/git/ignore`, zai yi aiki a duk ayyukanka. Abin da ya shafi aiki ɗaya kuma kai kaɗai, wurinsa `.git/info/exclude`.

Na sa alamar ! don in dawo da fayil ɗaya, ya ƙi.

Ka rufe foldar gaba ɗaya ne, Git ba ya leƙa cikinta balle ya ga fayil ɗin. Maimakon `hotuna/` rubuta `hotuna/*`, a ƙarƙashinsa `!hotuna/tambari.png`. In har yanzu ka rasa gane layin da ke ɓoye shi, `git check-ignore -v` da sunan fayil zai nuna maka.

Ba wanda zai rubuta mini jerin?

An riga an rubuta. Ma'ajin `github/gitignore` yana da na Python, Node, Java da sauransu. Ɗauki na yaren da kake rubuta manhajarka da shi, amma karanta shi kafin ka liƙa.