Ma'anar kalmar "sikawut", da abin da ya rage mana a cikinta

Idan aka ce 'yan sikawut a garuruwanmu, hoton da ke fara zuwa wa mutum shi ne na yara cikin kaki, da ɗan ƙyalle ɗaure a wuya, suna fareti a filin wasa ranar 27 ga Mayu, wato Ranar Yara, ko ranar 1 ga Oktoba. A buga ganga, a hura usur, a ƙame a sara wa manyan baƙi, a tashi. Daga nan sai baɗi kuma. Da yawa daga cikin iyaye iyakar saninsu ke nan, shi ya sa idan yaro ya dawo gida ya ce yana son shiga, amsar da yake samu ita ce: "Kai da ba ka gama da karatu ba, ina kai ina maci cikin rana?" Ban ga laifin uban da ya faɗi haka ba, domin abin da aka nuna masa ke nan. Amma kalmar ta fi fareti zurfi nesa ba kusa ba.

Asalinta kalmar Ingilishi ce ta fagen yaƙi. Sikawut shi ne mutumin da rundunar mayaƙa ke turawa gaba shi kaɗai ko su biyu, ya duba hanya, ya karanta sawu, ya gano inda ruwa yake da inda abokan gaba suka yi kwanto, ya dawo da labari ba tare da an gan shi ba. Aikinsa na ido ne da kunne da natsuwa. Larabawa da suka karɓi abin sai suka kira shi "kashshafa", daga kalmarsu ta gano abin da ke ɓoye, kuma sunan da Hausawan Sudan suka saba ji ke nan. Mu kuwa muka ɗauki ta Turawan Ingila muka lanƙwasa ta yadda harshenmu zai iya. A yau idan aka ce sikawut, ana nufin ƙungiyar tarbiyyar yara da matasa ta sa kai, wadda ke aiki bayan an tashi daga makaranta, a ƙarshen mako da lokacin hutu.

Wanda ya kafa ta sojan mulkin mallaka ne, kuma bai kamata a ɓoye wa yaranmu wannan ba. Robert Baden-Powell, haifaffen 1857, yana cikin rundunar Birtaniya da ta shiga Kumasi a 1896 ta tuɓe Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya. Sunansa ya fito duniya ne a Afirka ta Kudu, inda mayaƙan Buwa, wato fararen fata 'yan asalin Holan da ke zaune a can, suka yi wa garin Mafeking ƙawanya na tsawon kwana 217, daga 1899 zuwa 1900, shi kuma yana riƙe da garin. Da maza suka yi ƙaranci, sai aka ɗora wa samarin garin aikin kai saƙo, wasu a ƙasa wasu a kan keke, kuma suka yi aikin yadda ya kamata. Da ya koma Ingila sai ya tarar malamai da masu kula da matasa suna amfani da wani ɗan littafi da ya rubuta wa sojoji a kan bin sawu da lura, suna koyar da yara da shi. Nan tunanin ya zo masa.

A watan Agusta na 1907 ya kwashi yara kimanin 20 zuwa tsibirin Brownsea a kudancin Ingila, suka kafa tantuna suka yi kamar mako guda. Da gangan ya gauraya su: wasu 'ya'yan masu hali ne daga manyan makarantun kwana, wasu kuma 'ya'yan talakawan garuruwan da ke kusa. Ya raba su rukuni huɗu, kowanne da sunan wata dabba ko tsuntsu, akwai kyarkeci, akwai bijimi, akwai hankaka. Kowane rukuni ya ba shi jagora daga cikin yaran kansu. Da asuba ƙaho yake busa musu su tashi. A 1908 ya fitar da littafinsa na yara kashi-kashi har shida, duk bayan mako biyu. Abin mamakin shi ne yara ne da kansu suka riƙa sayen littafin, suna haɗa rukuni a unguwanninsu, sannan su je neman babban da zai tsaya musu. A wani babban taro a Landan a 1909 'yan mata suka fito suka ce su ma 'yan sikawut ne, wanda ya sa aka kafa ɓangarensu mai suna Gaid a 1910, ƙarƙashin ƙanwarsa Agnes. An yi taron duniya na farko, wanda suke kira jambori, a Landan a 1920. Shi kuwa Baden-Powell ya rasu a 1941 a garin Nyeri na ƙasar Kenya, can kabarinsa yake. Abin ya iso Najeriya a 1915, ƙungiyar ƙasar kuma ta zama cikakkiyar mamba a majalisar sikawut ta duniya a 1961, shekara ɗaya bayan 'yancin kai. Yanzu mambobin ƙungiyar a faɗin duniya sun haura miliyan 50.

Wancan rabon rukuni da aka yi a tsibirin, shi ne zuciyar lamarin, kuma shi ne muka fi sakaci da shi. Yara shida zuwa takwas ne ke zama rukuni ɗaya. Jagoransu yaro ne ɗan'uwansu, wataƙila ya girme su da shekara ɗaya ko biyu. Idan za a fita sansani, su za su zauna su lissafa shinkafa mudu nawa za ta ishe su, wa zai riƙe kuɗi, wa zai ɗebo ruwa, wa zai hura wuta, wa zai kula da ƙaramin cikinsu. Babban da ke tare da su yana gefe yana lura, ba ya tsoma baki sai abin ya kai ga haɗari. Idan tuwon ya yi gudaji, haka za su ci, gobe su gyara. Yaro ɗan shekara 13 da aka damƙa wa amanar 'yan'uwansa bakwai na kwana uku, ya dawo da su lafiya, akwai abin da ya shiga jikinsa wanda allo da alli ba za su sa masa ba. A aji ana tambayarsa abin da ya haddace ne. A rukuni kuwa, idan ya yi sakaci mutane za su kwana da yunwa, kuma ya san da haka.

Sauran abubuwan da ake gani duk a kan wannan suka rataya. Akwai alkawari da yaro ke ɗauka da bakinsa ranar da aka shigar da shi, ya ɗaga yatsu uku: zai yi iyakar ƙoƙarinsa ya sauke haƙƙin Ubangijinsa da na ƙasarsa, zai taimaki mutane a kowane lokaci, zai kiyaye dokar ƙungiya, wadda ta ƙunshi gaskiya da riƙon amana da ladabi da tausayin dabbobi da tattali. Takensu shi ne mutum ya zauna cikin shiri, kuma ana son kowane yaro ya yi wa wani alheri ko da sau ɗaya ne a rana ba tare da jiran lada ba. Ƙyallen wuyan nan da ake ɗauka ado ne, mai kusurwa uku aka yanka shi domin a iya warware shi a ɗaure rauni ko a rataye karyayyen hannu. Alamar da ke kan bajinsu daga kibiyar arewa ta tsofaffin taswirori da kamfas aka ɗauko ta. Kowane baji da ke kafaɗar yaro shaida ce ta wani abu da ya iya da hannunsa, kamar ɗaurin igiya iri-iri, girki, iyo, ko taimakon farko. Wannan na ƙarshen kaɗai ya isa dalili. Ko'ina a titunanmu idan babur ya kaɗe mutum, za ka ga jama'a sun yi cincirindo, kowa na salati, wasu na ɗaukar hoto, amma da wuya ka sami mutum ɗaya da ya san yadda ake tsayar da jini, ko ya san cewa ba a ɗaga wanda ake zargin ya karye a wuya yadda aka ga dama.

Akwai iyayen da ke ɗari-ɗari saboda addini, kuma tambayarsu tana kan hanya. Abin ya zo ne tare da Turawa da makarantun mishan, ga kuma al'adarsu ta gaisawa da hannun hagu, wadda a wurinmu rashin ladabi ce. Ni a ganina wannan gaisuwa al'ada ce kawai da za a iya ajiyewa ba tare da komai ya ragu ba. Game da addini kuwa, ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan sikawut a duniya ita ce Indonesiya, wadda kuma ta fi kowace yawan Musulmi. Duk alhajin da ya taɓa ɓata a Mina, akwai yiwuwar saurayin da ya duba abin hannunsa ya raka shi har tantinsa ɗan kashshafar Saudiyya ne, domin kowace shekara suna fitowa hidimar alhazai. Ƙungiyar tana buƙatar yaro ya riƙe addininsa ne, kowanne ne shi, ba ta kawo masa wani sabo ba.

Kuma a gaskiya tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ƙauyukanmu sun san sarkin samari, sun san gayya, inda matasa ke haɗuwa su nome gonar wani dattijo ko su gyara hanya kafin damina. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché da ta hau a 1974 ta ɗauki tsohon tsarin samariya ta mayar da shi ƙungiyar matasa ta ƙasa baki ɗaya. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini da muke gani a filin idi da wuraren tafsiri, da 'yan Birged na coci-coci, waɗanda asalinsu ya ma girmi sikawut don tun 1883 aka kafa su a Glasgow, da 'yan Man O' War masu horo a tsaunukan Shere kusa da Jos, duk dangin juna ne ta fuskar kaki da horo. Inda sikawut ta bambanta shi ne ba a kafa ta don tsare taron manya ba. Yaron shi ne abin nufi, hidimar da yake yi hanya ce ta gina shi.

Wani zai ce yaranmu ai ba su da lokacin banza: boko da safe, lesin da rana, Islamiyya bayan la'asar. Haka ne ga wasu. Sai dai a duba Alhamis da Juma'a da yamma, lokacin da makarantun allo da Islamiyyu da yawa ke hutu. A duba dogon hutun damina. A duba musamman yaron da ya kai 14 ko 15, ya fara jin ya girmi zama a tabarma da ƙannensa, bai kuma kai a ba shi wata sana'a ba. Wannan yaron rukuni yake nema, da jagora, da suna, da wani abu mai ɗan haɗari da zai gwada ƙarfinsa a kai. Idan bai samu a wurin mutanen kirki ba, daba tana da duk waɗannan, kuma ba ta neman kuɗin fom. Duk lokacin da na ji ana maganar ƙwacen waya da shaye-shaye, ana kiran a ƙaro jami'an tsaro, sai na tuna cewa shekaru biyu ko uku kafin yaron ya riƙe wuƙa, akwai yammacin da ya yi ta gararamba babu wanda ya kira shi ya ba shi wani aiki.

Ban ce a miƙa yaro ga duk wanda ya sa kaki ba. Ƙungiyar sikawut ta Amurka, duk da girmanta da tsufanta, ta shigar da takardar karyewar arziki a kotu a 2020 saboda ƙarar cin zarafin yara, inda mutum sama da 80,000 suka fito suka ce wasu jagorori sun lalata su suna ƙanana. Duk inda aka tara yara, mugu zai nemi hanyar shiga. Dokar da suka tsananta a can ita ce kada babba ɗaya ya keɓe da yaro ɗaya, kuma kowace fita sai da manya aƙalla biyu. Uba ko uwa na da cikakken haƙƙin tambayar wane ne jagoran, wa ya san shi, ina za a kwana, manya nawa za su bi su, 'yan mata kuma mata ne ke kula da su ko kuwa. Jagoran kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Halin tsaro ma ya sa kwanan daji ba zai yiwu ba a wurare da yawa na Arewa, amma harabar makaranta mai katanga ta isa a kafa tanti.

A makarantar firamaren da na yi akwai malamin da ke riƙe da 'yan sikawut, kuma abin da muka yi shekara biyu shi ne hagu-dama a filin ƙwallo idan Ranar Yara ta gabato. Wanda iyayensa ba su iya ɗinka kaki ba, ba ya ciki. Sai da na girma na gane cewa an ba mu ɓawon ne aka bar ƙwayar, wataƙila don shi ma malamin haka aka ba shi. Yaran da suka je tsibirin nan a 1907 ba su da kaki ko ɗaya. Ɗan zare mai launi aka maƙala wa kowa a kafaɗa don a san rukuninsa. Abin da ake buƙata don farawa a unguwa shi ne manya biyu da iyaye suka amince da su, rajista da reshen ƙungiyar na jiha domin jagororin su sami horo, igiya, tukunya, akwatin taimakon farko, da yara takwas da za a ce wa ɗaya daga cikinsu: "Daga yau waɗannan amanarka ne, ranar Alhamis bayan la'asar ka zo mana da su."